Tambayoyi da amsoshi: abin da tonon kufai ke nunawa game da 'yan ƙasa da 'yan Afirka a garuruwan farko na Sifaniyawa

Wanda ya karanta labarin zuwan Sifaniyawa nahiyar Amurka a littafin makaranta zai ɗauka garuruwan da suka kafa cike suke da Turawa zalla. Abin da ke fitowa daga ƙasa ya saɓa wa haka. Idan aka tona jujin bayan gidan Basifaniye na ƙarni na 16, tsingaron tukwanen girkin da ake tsinta, galibinsa ba daga Turai ya zo ba. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan fanni.

Waɗanne garuruwa ake nufi?

Na farko shi ne La Isabela, a gaɓar arewa ta tsibirin Hispaniola, cikin Jamhuriyar Dominika ta yau. Kolumbus ya kafa shi a Janairun 1494, bayan ya iso da jirage 17 da mutane fiye da dubu. Bai cika shekara biyar ba ya watse. Sai Concepción de la Vega, garin narkar da zinariya, wanda girgizar ƙasa ta rushe a 1562, Puerto Real a arewacin Haiti, daga 1503 zuwa 1578, Sevilla la Nueva a Jamaika, 1509, Santa María la Antigua del Darién a Kolombiya, 1510, Nueva Cádiz a tsibirin Cubagua na Benezuwela, inda ake nutso neman lu'ulu'u, tsohon birnin Panama, daga 1519 har zuwa harin ɗan fashin teku Henry Morgan a 1671, da St. Augustine a Fulorida, 1565.

Garin da ya mutu da wuri ya fi daraja wurin mai tono. Ba wanda ya zo daga baya ya haƙa rijiya ko fandisho ya dagula ƙasar, kuma duk abin da aka tsinta an san tsakanin shekara kaza ne da kaza.

Tunda Sifaniyawa sun bar rubuce-rubuce jibgi, me ya sa sai an tona?

Gaskiya ne sun rubuta. Gidan ajiye takardun mulkin mallaka da ke Sevilla, wadda malamanmu suka sani da Ishbiliya, yana ɗauke da wasiƙun gwamnoni da lissafin haraji da ƙararraki birjik. Amma duba wanda ke riƙe da alƙalamin da kuma abin da ya dame shi. Magatakarda zai rubuta cewa an raba wa wane 'yan ƙasa kaza su yi masa aiki, ko jirgi ya sauke bayi kaza. A rabon da aka yi a Hispaniola a 1514 an ƙirga 'yan ƙabilar Taino kusan dubu 26. To me suka ci da dare? Wa ya gina tukunyar? Da wace irin al'ada suka binne 'ya'yansu? Nan takarda takan yi shiru, domin mai rubutu bai ga abin rubutawa a wurin ba.

Juji kuwa ba ya zaɓe. Ƙashin kifi da fasasshen kasko da toka duk wuri guda ake watsa su, na ubangida da na bawa.

Yaya ake aikin tonon kansa?

Ba a fara da haƙa. Da farko ana auna filin a yi masa taswira, a kafa turaku, a ja igiya a raba shi murabba'i-murabba'i. Sannan a bi layi ana tona ƙananan ramukan gwaji, misali kowane mita 10, ana ƙirga tsingaro da ƙusoshi da ƙashin da kowane rami ya bayar. Inda fale-falen rufi da tangaran mai ƙyalli suka yi yawa, nan manyan gari suka zauna. Inda sai tukwanen hannu, can gefen gari, nan ya kamata mai neman rayuwar talaka ya sa ido. Yanzu ana haɗawa da na'urar rada da ke hango tushen gini a ƙarƙashin ƙasa.

Bayan nan ake buɗe rami na sosai, mita 1 da 1 ko 2 da 2. Ana kankare ƙasa da cokalin magini, ana bin sauyin launinta. In launin bai sauya ba, a sauka santimita 10-10. Kowane hawa, wato shimfiɗar ƙasa guda da aka kankare, da jakarsa da lambarsa. Gidan ɗan ƙasa ko na bawa na itace ne da ciyawa, don haka abin da ya rage masa shi ne tabo baƙi-baƙi mai da'ira inda dirka ta ruɓe. Mai gaggawa zai kankare wannan tabo bai ma lura ba, shi ke nan gida ya ɓace.

Sai tankaɗe, kuma nan aka fi yin asara. Rariya mai ƙofa milimita 6 takan riƙe ƙashin saniya da na alade, ta zubar da ƙashin ƙananan kifi da ƙananan duwatsun wuya. Sakamakon sai ya nuna kamar kowa nama yake ci irin na Turai. Shi ya sa ake wanke wani kaso na ƙasar da ruwa a rariya mai milimita 2 ko ƙasa da haka. Ana kuma ɗiban ƙasa kamar lita 10 daga murhu ko ramin shara a zuba a ruwa a motsa: ƙonanniyar ƙwayar masara da wake da gawayi su taso sama a kwashe da kyalle mai laushi. Aikin da Elizabeth Reitz ta yi kan ƙasusuwan dabbobi a St. Augustine ya nuna kifin bakin teku ya taka rawa babba a cimar garin, abin da babbar rariya ke ɓoyewa.

Ta yaya ake sanin shekarun abin da aka tono?

Kayan Turai su ne agogon. Tulun da Sifaniyawa ke zuba man zaitun da giya ya sauya fasali: na farko kewayayye ne mai hannu biyu, na wajen ƙarshen ƙarni na 16 kuwa ba hannu, ga kaurin baki. Akwai dogon dutsen wuya na gilashi, shuɗi mai kusurwa huɗu, da ake kira da sunan Nueva Cádiz, wanda ke nuna rabin farko na ƙarnin. Ƙa'idar ita ce: abu mafi sabunta a cikin hawa shi ke faɗin cewa hawan bai girmi wannan lokaci ba.

Gwajin kabon-14, wanda ake auna shekarun ƙashi ko gawayi da shi, yana da rauni daidai a wannan zamani. Saboda yadda yawan kabon a iska ya yi ta hawa da sauka, samfurin da ya fito daga wajen 1500 zuwa 1600 kan ba da amsa mai faɗi, kusan daga tsakiyar ƙarni na 15 zuwa farkon na 17. Ga wanda ke son sanin ko kabari ya riga zuwan Kolumbus ko ya biyo baya, wannan amsa ba ta raba gardama. Ƙari kan haka, abin da ya rayu a teku kan nuna ya tsufa da kusan shekara 400 fiye da gaskiya, kuma mutumin da ya rayu kan kifi ƙashinsa na ɗauko wani ɓangare na wannan kuskure. Don haka aka fi son gwada ƙwayar hatsi da ta ƙone, wadda damina ɗaya ta yi a duniya.

Me madafa ta nuna?

Kathleen Deagan, ta gidan tarihin halittu na Fulorida, ita ce ta fito da tsarin da aka daɗe ana tattaunawa a kai. A gidajen St. Augustine ta ga cewa abin da baƙo zai gani, wato farantin cin abinci, maɓallin riga, fasalin gida, na Sifaniya ne. Abin da ke bayan gida kuwa, tukunyar girki da randar ajiya, na 'yan ƙasa ne, 'yan Timucua da Guale. Dalilin da ta kawo shi ne matan Sifaniya kaɗan ne suka tsallako teku, sojoji suka auri matan wurin, matan kuma suka shigo da tukwanensu da girkinsu.

Daga baya Barbara Voss da wasu suka ja hankali cewa kalmar aure tana sassauta lamarin. Da yawan matan nan barori ne ko bayi, ba su shiga madafar don ra'ayin kansu ba. Mu ma nan muka fi karkata: tukunya tana faɗin hannun da ya yi aiki, ba ta faɗin ko da yardar mai hannun.

Babban misali shi ne faffaɗan kaskon yumɓu da Taino ke gasa gurasar rogo a kai. Sukan goge rogo mai ɗaci, su matse ruwan dafin a doguwar jakar saƙa, su tankaɗe, su baza a kasko. Duk wanda ya ga yadda ake garin kwaki ya san rabin aikin, kuma ba mamaki, tunda rogon kansa daga can ya zo Afirka. Alkama ba ta yi albarka a tsibiran ba, gurasar rogo kuwa takan yi watanni ba ta lalace ba, sai ta zama guzurin sojoji da matuƙan jirgi. Binciken ƙwayoyin sitaci da suka maƙale a jikin kasake, wanda Jaime Pagán-Jiménez ya yi fice a kai, ya nuna har masara da dankali da wake an sarrafa a kansu.

Za a iya ɗaga tsingaro a ce wannan ɗan Afirka ne ya gina?

Da wuya, kuma duk wanda ya yi saurin cewa eh a yi hattara da shi. A Puerto Real an ga tukwanen Taino masu zane suna raguwa da tafiyar shekaru, wata irin tukunya mai kauri, ginin hannu, marar ado, tana maye gurbinsu. Masu tono suka sa mata suna Christophe Plain. Tunda daidai lokacin ne takardu ke nuna ana kawo bayi daga Afirka don kiwon shanu da sauran aikin ƙarfi, Greg Smith ya danganta ta da 'yan Afirka. Hujja ce mai ma'ana, amma ta lokaci ce, ba ta fasali ba. Maginiyar da aka raba da garinsu, ta sami yumɓun da ba ta saba da shi ba, tana gina wa ubangidan da ke son tukunya mai arha, ba lallai ta bar alamar kakanninta a jiki ba. Kuma an kwaso 'yan ƙasa daga Bahamas da gaɓar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu an zuba su wuri guda da 'yan Afirka. Mutum biyu daga nahiya biyu za su iya zama gindin murhu ɗaya su koyi ginin juna.

A Sevilla la Nueva abin ya juya: an sami kofuna da butoci masu fasalin Turai, amma yumɓu da ginin na Taino ne.

To ta yaya ake gane wanda aka haifa a Afirka?

Ta haƙori. Akwai wani sinadari, sitironshiyom, da ke tasowa daga dutse ya shiga ƙasa da ruwa da amfanin gona, ya zauna a farin ɓawon haƙori lokacin da haƙorin ke ginuwa. Ɓawon ba ya sake sabuntawa. Turmin farko na dindindin yana ginuwa ne daga haihuwa zuwa wajen shekara uku, don haka yana riƙe da tambarin ƙasar da aka yaye mutum. Ana yanko ɗan ƙanƙani, milgiram kaɗan, a narkar a auna nau'i biyu na sinadarin, 87 da 86. Farar ƙasar Yukatan a Meziko kan ba da adadi wajen 0.708 zuwa 0.709. Tsofaffin duwatsun Afirka ta Yamma kan haura 0.720.

A shekarar 2000, ana gyaran dandalin birnin Campeche, aka ci karo da tushen tsohuwar coci da maƙabarta mai gawa kusan 180. Douglas Price da Vera Tiesler da James Burton suka auna haƙoran, suka sami waɗanda adadinsu ya yi nisa da na yankin baki ɗaya, wasunsu kuma an fiƙe musu haƙoran gaba irin na al'adun Afirka. An binne su wuri ɗaya da Turawa da 'yan Maya.

A birnin Meziko, lokacin haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, an tono maƙabartar asibitin San José de los Naturales, wanda aka gina don 'yan ƙasa. Binciken da Rodrigo Barquera ya jagoranta, aka wallafa a 2020, ya haɗa DNA da sitironshiyom kan maza uku, ya nuna dukansu a Afirka aka haife su. Ƙasusuwansu na ɗauke da karaya da ta warke da alamun ɗaukar kaya mai nauyi, ɗaya har da koren tabo inda harsashin jan ƙarfe ya zauna. An ga ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jikin ɗaya, da ta wata cuta dangin tunjere a jikin wani.

A lura: sitironshiyom yana cewa "ba ɗan nan ba ne" da ƙarfi, amma ba ya nuna gari. Wurare masu nisa da juna kan ba da adadi iri ɗaya. Kuma ɗan da baiwa ta haifa a Campeche haƙorinsa na Campeche ne, sai DNA ce za ta nuna asalinsa.

Akwai Hausawa a cikinsu? Musulmi fa?

Waɗanda aka fara kaiwa, daga 1502, bayi ne da suka riga suka zauna a Sifaniya suka iya harshen. A 1518 sarki ya ba da lasisin ɗauko mutum 4,000 ba tare da sharaɗin sun zauna a Sifaniya ba. A wancan ƙarni yawancinsu daga yankin kogin Senegal da Gambiya da gaɓar Gine suka fito, daga baya Kongo da Angola suka rinjaya. Sunan Hausawa ya bayyana da yawa ne can gaba, a farkon ƙarni na 19, kuma a Bahia ta Brazil, ƙarƙashin Fotugal.

Musulmi kuwa akwai. A lokacin Kirsimetin 1521 bayi suka yi bore a gonar rake ta Diego, ɗan Kolumbus, kusa da Santo Domingo, kuma marubutan lokacin sun ce yawancinsu Wolof ne. A 1532 fadar Sifaniya ta hana shigo da Wolof saboda ta ɗauke su masu taurin kai. A ƙasa, alamar da ake nema ita ce kwanciyar gawa: a gefen dama, fuska na duban alƙibla. Sai dai wanda ya mutu a gari coci ce ke binne shi, rigingine, hannu a ƙirji. A Finca Clavijo, yankin rake a tsibirin Gran Canaria na Sifaniya, kusa da gaɓar Afirka, an tono kabarin mutum 14 nesa da coci, kuma kwanciyar wasunsu ta sa masu binciken suka danganta su da Musulunci.

Kuma ba kowane baƙar fata ne bawa ba. Juan Garrido baƙar fata ne mai 'yanci, ya yi yaƙi tare da Cortés, Basifaniyen da ya ci Meziko da yaƙi, kuma a takardar da ya rubuta wa sarki a 1538 ya ce shi ya fara shuka alkama a Meziko.

Me ya sa ake yawan ambaton El Chorro de Maíta?

Saboda maƙabarta ɗaya ce ta nuna sauyin yana faruwa. Tana gabashin Kuba, an tona ta a shekarun 1980, tana da gawa fiye da 130. Da farko an ɗauka duk ta riga zuwan Turawa. A wuyan wasu gawarwaki da ƙirjinsu an sami ƙananan bututun ƙarfe. Da aka auna su daga baya sai aka ga tagulla ce, haɗin jan ƙarfe da zink, wadda ba a taɓa narkawa a Amurka kafin 1492 ba. Ashe bakin igiyar ɗaure rigar Turawa ne, kamar ɗan ƙarfen bakin igiyar takalmi. Wurin Bature ba komai ba ne, Taino kuwa suna kiran tagulla turey, abin da ya danganci sama, suna darajanta ta.

Roberto Valcárcel Rojas ya sake nazarin maƙabartar gaba ɗaya. Wasu an binne su a naɗe, gwiwa a ƙirji, yadda aka gada; wasu a miƙe irin na Kirista. Taino kan danne goshin jariri ya yi faɗi, amma wasu yaran nan ba a danne nasu ba. A cikinsu akwai mace daga yankin Meziko da namiji ɗan asalin Afirka.

Shin Taino sun ƙare ne?

Mutuwar ta yi muni: aikin tilas a ramukan zinariya, yunwa, sannan agana a 1518 zuwa 1519. Amma "ƙarewa" kalmar takarda ce. Wanda ya gudu daji ba ya cikin ƙidaya, ɗan da 'yar Taino ta haifa wa Basifaniye kuma an rubuta shi da wani suna. Enriquillo, wani sarkin Taino, ya riƙe duwatsun Bahoruco a Hispaniola daga 1519 zuwa 1533 har sai da aka yi sulhu da shi. A En Bas Saline ta Haiti, Deagan ta sami ƙashin ɓera da na alade, dabbobin da jirage suka kawo, a hawan da kusan duk kayansa na Taino ne, alamar mutanen sun ci gaba da zamansu bayan zuwan baƙi ba su rungumi kayansu ba. Binciken Juan Martínez-Cruzado kuma ya nuna kusan kashi 61 cikin 100 na mutanen Puerto Rico, ta layin uwa, asalinsu na 'yan ƙasa ne.

Ana samun wuraren bayin da suka gudu?

Da ƙyar, don wanda ke ɓuya ba ya gina abin da za a hango. Wanda aka fi sani, Fort Mose, ya zo a makare kuma da izinin hukuma aka kafa shi. A 1693 sarkin Sifaniya ya yi alkawarin 'yanci ga bawan da ya tsere wa Ingilishi daga Karolina ya shiga Katolika. A 1738 aka ba su gari kamar mil biyu arewa da St. Augustine, ƙarƙashin Francisco Menéndez, Bamandinge. An rushe shi a yaƙin 1740, aka sake ginawa a 1752, mutanen suka tafi Kuba a 1763. Deagan da masaniyar tarihi Jane Landers suka gano shi a shekarun 1980, a wani ɗan tudu tsakiyar fadama. An sami ƙanƙarar bindiga, harsasai, lofe, maɓallai, da wata lambar azurfa ƙirar hannu mai hoton waliyyin Kirista Kiristofa.

Me ya fi ɓata aiki?

Wani lokaci hukuma ce da kanta. A zamanin mulkin Rafael Trujillo an shiga La Isabela da katafila da sunan gyara, aka baje hawan sama. Teku ma ta cinye wani sashe na gidan Kolumbus. Sai masu haƙar neman zinariya, waɗanda ko ba su sami komai ba sun riga sun cakuɗa hawa da hawa.

Akwai kuma saurin yanke hukunci. A La Isabela an sami tarin dutsen darma mai ɗauke da azurfa da alamun narkarwa, aka ce ga haƙar ma'adinai ta farko da Turawa suka yi a Amurka. Gwajin da aka wallafa a 2007 ya nuna dutsen daga Sifaniya aka zo da shi don auna ma'adinai, mutanen da suka rasa abin yi ne suka koma narka shi.

Sauran kurakuran na hannu ne. Wanda ya wanke kasko da buroshi ya wanke sitacin da za a auna. Wanda ya taɓa haƙori ba safar hannu ya zuba masa DNA ɗinsa, alhali zafi da laimar yankin sun riga sun cinye mafi yawan na asali, shi ya sa ake neman ƙashin cikin kunne, wanda ya fi kowane tauri. Gawayin gwaji a takardar alminiyom ake naɗe shi, a busar kafin a rufe, in ba haka ba ya yi hunhuna. Ƙarfen da ya fito daga ƙasa mai gishiri kuwa, in aka bar shi ya bushe a iska, cikin ɗan lokaci zai tsattsage ya zama gari, don haka ake tsoma shi a ruwan magani tun a bakin rami har a kai shi inda za a zare masa gishirin da lantarki.